Yadda Za Ka Shekara Tara Kana Kashe Rauta Kana Kunnawa, Ana Kiranka Injiniya

Ɗan'uwa, an ɗauke ka aikin kula da kwamfutoci, an ba ka kujera mai juyawa da makullin ɗaki mai sanyi, kai kuma kullum gabanka na faɗuwa kada wata rana a gano iyakar abin da ka sani? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan daki-daki, ni na yi maka alkawari: za ka shekara tara cur ana nemanka sama da ƙasa, ana gaishe ka da hannu biyu, alhali ko waya ɗaya ba ka gyara ba.

Ba a littafi na karanto ba. Shekara biyu na yi a teburin da ke kallon na maigidana a wurin aiki, a wata kwaleji mai zaman kanta da ke da reshe biyu: babba a cikin gari, ƙarami can bayan duwatsu, tafiyar awa huɗu in mota ba ta yi gardama ba. A takarda sunansa Babban Injiniya. A bakin direbobi da masu shara sunansa Oga Kashe-Kunna. Ni kuwa tun ranar da ya ga takardun karatuna, ya ga kuma mace ce, ya raɗa mini Farfesa, ba kuma don yabo ba. A wurinsa na ga duk abin da zan koya maka.

Mataki na ɗaya: Nemi layi mai rauni, ka riƙe shi gam

Layi mai ƙarfi abokin gabanka ne. Ba ya yankewa, don haka ba wanda zai tuna kana ma'aikatar.

Namu raunin nasa ya zo daidai yadda ake so. Tsakanin rassan biyu babu waya a ƙasa, sai faranti biyu a kan dogayen ƙarafa suna hangen juna ta saman duwatsu. Saƙo yana wucewa, amma a hankali, kamar tsoho mai ciwon gwiwa a kan matakalar bene. A kowane gefe akwai rauta, wato akwatin nan mai ƙananan fitilu da ke karɓar saƙon kwamfutoci ya nuna masa hanya. Tamu tana ɗaki mai sanyi. Ta can tana kan kabad a ofishin magatakarda, an rufa mata tsohuwar kalanda.

Abin lura: duk wanda ya ce a inganta layin nan, ka ce masa ana kan nazari. Nazari ba ya tsufa.

Mataki na biyu: Kada ka yarda ka san cewa rautoci suna gaisawa

Zan gaya maka abin sau ɗaya, don ka san abin da za ka guje wa sani.

Rautoci biyu da ke haɗe ba sa zaman kurame. Lokaci-lokaci kowacce tana aika wa 'yar'uwarta ɗan gajeren saƙo mai ma'anar: ina nan, kina nan? Gaisuwarsu ke nan. A cikin kowacce akwai agogo biyu. Na farko shi ke cewa bayan sakan nawa za a sake gaisawa. Na biyu agogon haƙuri ne: in aka yi sakan kaza ba a ji gaisuwar waccan ba, sai a ɗauka ta mutu, a goge hanyar zuwa wurinta. In gaisuwa ta dawo, sai a soma gabatar da kai tun daga farko, ana musayar taswirar hanyoyi kamar ba a taɓa haɗuwa ba.

A layi mai gudu, gajeren haƙuri yana da amfani, don da matsala ta taso nan take za a gane. A layi mai rauni kuwa, gaisuwa takan maƙale a bayan manyan kaya, kamar mai keke a bayan tirela a kan ƙunƙuntar gada. Tana nan tafe, ba ta dai iso ba. Maganin bai fi aikin minti biyar ba: a tsawaita agogunan, a ce gaisuwa kowane sakan goma, haƙuri sakan arba'in. Sharaɗi ɗaya ne tak. Dole lambobin su zama iri ɗaya a gefe biyu, in ba haka ba rautocin ko kallon juna ba za su yi ba.

Ka karanta? To, manta.

Mataki na uku: Kwafo saitin wani wuri, kada ka tambayi dalili

Ranar da aka kafa layin, Oga ya je wurin wani abokinsa da ke aiki a inda layinsu ke gudu kamar walƙiya, ya kwafo saitinsu baki ɗaya, ya zuba a rautocinmu. Gaisuwa kowane sakan ɗaya. Haƙuri sakan uku.

Sakan uku! Mai ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki ma yakan jira fiye da haka kafin ya ce na ciki ya mutu.

Kai ma haka za ka yi. In wani ya tambaye ka me ya sa lambobin suke haka, ka gyara zaman tabarau ka ce, "Haka manyan wurare suke yi." Maganar nan tana rufe bakin mutum tara cikin goma. Na goman za mu zo kansa.

Mataki na huɗu: Koyi tafiyar ceto

Nan abincinka yake, don haka ka nutsu.

Layi ya yanke, waya ta yi ƙara. Kada ka ɗauka a bugun farko, mai ɗauka a bugun farko ba shi da aiki. In ka ɗauka, ka saurara ido rufe, ka ce, "Ina zuwa." Tashi a hankali. Riƙe makullai a hannu yadda za su riƙa ƙara, ka bi ta doguwar baranda, ba ta gajeriyar ba, don kowane ofis ya ga wucewarka. Shiga ɗaki mai sanyi ka rufo ƙofa. Wannan wajibi ne. Likita ba ya fiɗa a bainar jama'a.

Yanzu zare wayar wuta. Sha ruwa. Duba saƙonnin wayarka. Mayar da wayar wuta. Jira fitilu su yi kore, ka fito kana share goshi ko da babu gumi, ka ce, "A gwada yanzu."

Za a gwada, zai yi. Wani zai ce, "Kai, Oga! In babu kai a gidan nan ai sai mu koma rubutu da alli."

Ga sirrin da za ka tafi da shi kabari: ko ba ka tashi daga kujera ba, layin zai dawo da kansa cikin minti guda. Kayan da suka cushe hanya sun riga sun zube lokacin da ya yanke, hanya ta buɗe, gaisuwa ta wuce. Kai dai ka tabbata ka riga shi isa ɗakin.

Na taɓa ƙirgawa a ɓoye. Rana ɗaya Oga ya ceci kwaleji sau goma sha ɗaya kafin a tashi aiki.

Mataki na biyar: Samo wanda za a ɗora wa laifi, zai fi kyau in yana nesa

Komai daɗin tafiyar ceto, wata rana shugaba zai tambayi me ya sa ake yawan buƙatarta. Ka tanadi amsa tun da wuri. Amsa mai kyau tana da shekaru, tana nesa, kuma ba a kiranta taron manya.

Tamu ita ce mai buga takardu a ƙaramin reshe. Kowa Gwaggo yake ce mata, amma ni gwaggota ce ta gaske, ƙanwar babana. Shekara talatin da ɗaya tana aikin nan, tun zamanin tafireta mai ƙararrawa. Ita ta koya mini ɗora yatsu a kan kibod ina 'yar shekara tara, da rula a hannunta. Har yau ba ta kallon yatsunta in tana bugu, kuma tana iya yi maka faɗa tana bugawa ba ta yi kuskuren harafi ɗaya ba.

Aikinta a ƙarshen zango shi ne ta shigar da makin ɗaliban reshen, ta ɗauki hoton kowace takardar maki mai sa hannun malami ta turo. Hotunan nan su ne tirelar. Da ta soma turowa sai hanya ta cika, gaisuwa ta makara, sakan uku su cika, layi ya yanke, aikin ya zube. Sai ta sake daga farko.

Ga yadda Oga ya bayyana wa Darakta, shugabar kwalejin, a gabana:

"Ranki ya daɗe, ki lura da abu ɗaya. Layin nan lafiyarsa lau. Ba ya yankewa sai tsohuwar nan ta zauna a kai. Ban ce laifinta ba ne, zamani ne ya wuce ta. Akwai wani maɓalli da take dannawa."

"Wane maɓalli?" in ji Darakta.

"Ai shi muke nazari."

Ka ga gwaninta? Rabin maganarsa gaskiya ce: da ita ta zauna yake yankewa, don ita kaɗai ke aiki a kansa.

Ranar Litinin aka aika wa Gwaggo takarda. Hukumar jarrabawa za ta rufe karɓar maki ranar Alhamis ƙarfe huɗu na yamma. In makin ɗalibai ɗari uku da arba'in na reshenta bai shiga ba kafin nan, ta tattara kayanta, za a kawo wanda ya san kwamfuta.

Ta kira ni. "'Yar Yaya, wai ni ce ban san kwamfuta ba? Ni da na ga ranar da aka sauke ta daga mota?"

Mataki na shida: In wani mai rawar kai ya zo da gyara, kashe shi da dariya

Ga na goman nan da na ce za mu zo kansa. A wurinmu ni ce.

Wata shida kafin takardar nan na kai wa Oga bayanin agogunan a shafi ɗaya, da zane. Ya karanta layin farko, ya ɗora kofin shayinsa a kai. Ka koyi amsoshinsa, kowacce tana da ranarta:

"Farfesa, wannan na makaranta ne. Nan filin aiki ne."

"Abin da yake aiki ba a taɓa shi."

Na ce, "Oga, ai ba ya aiki. Jiya sau tara ya yanke."

"Sau nawa ya dawo?"

"Sau tara."

"To, kin gani."

Bayan takardar Litinin na sake komawa, wannan karon muryata ta ɗan hau. Sai ya fito da babban makami, wanda nake so ka ajiye don ranar tsanani: ya juya kujera ya kalli sauran ma'aikata ya ce, "Ku yi mata uzuri, gwaggonta ce."

Aka yi dariya. Shi ke nan, lissafi ya zama son kai. Sakan uku ya zama maganar dangi.

Gargaɗi: irin waɗannan yaran ba sa haƙura. Kada ka bar ofis. Oga ya yi kuskuren nan ranar Talata, ya tafi taron bita na rabin yini saboda an ce akwai jaka kyauta. Lambar sirrin rautocin kuwa tun shekara tara tana rubuce a jikin salatif a ƙarƙashin kowacce.

Na shiga rautar can ta cikin layin, na canja agogunanta: goma da arba'in. Nan take layi ya yanke, don lambobin sun saɓa, kuma na san haka za a yi. Na yi maza na canja tamu, na danna umarnin ajiyewa don kada ta manta in an kashe ta. Fitila ta yi kore. Na zauna ina kallonta minti ɗaya, minti goma, awa guda. Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Daɗi ya cika ni har na sayo wa mai shara lemo.

Riƙe wannan wurin a ranka. Tamu na ajiye. Tamu kaɗai.

Mataki na bakwai: In aka gyara a bayan idonka, canja lambar sirri cikin fushi

Yammacin Talata da wunin Laraba wayar Oga ba ta yi ƙara ba. Ya ɗaga ta ya duba ko caji ne ya ƙare. Ya kira kansa da wayar ofis, ta yi ƙara lafiya lau. Ya bi doguwar baranda sau biyu da makullai a hannu, ba wanda ya ɗago kai. A can kuwa Gwaggo ta shigar da ɗalibai ɗari biyu ba tare da ta sake ko ɗaya ba.

Da ina da wayo da na yi shiru. Ba ni da shi. Da ya tambaye ni dalilin murmushina, sai na zaro shafin nan mai tabon kofin shayi na ajiye masa a gabansa.

Kai ga abin da za ka yi a irin wannan rana. Kada ka tambayi yadda aka yi, tambaya alamar rauni ce. Ka ce an shiga hurumin da ba a ba da izini ba. Ka shiga ɗaki mai sanyi, ka ɓare salatif ɗin, ka sa wa rautar sabuwar lambar sirri doguwa, mai manyan haruffa da ƙanana da alamomin da ko sunansu ba ka sani ba. Kada ka rubuta a ko'ina. Namiji da kansa yake riƙe abu.

Oga ya fito yana huci ya ce, "Yanzu sai mu ga ta inda Farfesa za ta shiga."

Mataki na takwas: Ranar da kashe-kunna ya ƙi, ka ci gaba da yi

Alhamis, wajen sha ɗaya na safe, wuta ta ɗauke a ƙaramin reshe na minti goma. Da ta dawo, rautar kan kabad ta farka da abin da ta sani tun shekara tara: ɗaya da uku. Canjin da na yi mata ban ajiye ba, ya tafi da wutar. Tamu tana nan a kan goma da arba'in. Suka daina gaisawa kwata-kwata.

Waya ta yi ƙara. Ka ga fuskar Oga, kamar wanda aka yi wa albishir da ɗa namiji. Ya bar ta ta yi bugu uku, ya ɗauki makullai, ya bi doguwar baranda. Ya fito yana share goshi. "A gwada yanzu."

Aka gwada. Shiru.

Ya koma. Ya sake komawa. A karo na huɗu gumin na gaske ne. A na biyar Darakta tana tsaye a bakin ƙofa, ta hana shi rufewa, duk duniya ta ga fiɗar: zare waya ce da mayarwa.

Na ce, "Ranki ya daɗe, kuskurena ne. Ban ajiye canjin a can ba. A bar ni in shiga tamu in mayar da ita yadda take a dā, su gaisa, sannan in gyara waccan."

Darakta ta ce, "Injiniya, buɗe mata."

Ya zauna, ya buga lambar. Ta ƙi. Ya buga da babban harafi a farko. Ta ƙi. Ya sa sunan uwargidansa da lambar motarsa. Ya juya su. Ya kalli silin.

"Akwai wata alama a tsakiya," in ji shi. "Mai kama da ƙugiya."

A wanke rautar baki ɗaya, a goge lambar da duk saitinta? Babu kwafin saitinta a ko'ina, sai mu wuni muna gini. A tafi can da mota? Sha ɗaya da rabi ta yi, za a isa uku da rabi, ga ɗalibai ɗari da arba'in a ƙasa. Ƙofa ɗaya ta rage: rautar kan kabad, wadda salatif ɗinta yake nan, kuma kwamfutar Gwaggo tana iya shiga cikinta daga ɗakin.

Na kira ta. A reshen can waya ba ta kamawa sai a tagar ƙarshen baranda, kwamfutar kuma tana can cikin ofis.

"Gwaggo, akwai layi takwas da za a buga wa akwatin nan. Amma ba za ki iya riƙe waya kina bugawa ba, kuma Turancin na'ura ne, ba shi da ma'ana, harafi ɗaya ya kuskure..."

"Ke, dakata. Shekara talatin ina buga jawabin manya, kin taɓa jin na tambayi ma'ana? Ga littafina, ga fensir. Yi mini shifta."

Na yi mata, harafi bayan harafi, da inda ake barin fili da inda ake sa ɗan layi. Oga ya matso kusa da wayar ya ce, "Ranki ya daɗe, ina so a rubuta cewa ban amince ba. Tsohuwar nan za ta ƙona na'urar."

Daga cikin waya Gwaggo ta ce, "Wa nake ji? Ɗan nan mai makullai ne? A ce masa ina gaishe shi. 'Yar Yaya, saurara in maimaita miki."

Ta maimaita layi takwas ɗin ba gargada. Ta ma tsayar da ni a na shida: "Nan kin ce fili biyu, ko numfashi kika ja?" Numfashi na ja.

Ta kashe waya. Muka tsaya mu uku a ɗaki mai sanyi muna kallon fitila. Oga ya miƙa hannu wajen wayar wuta don ya yi na shida, Darakta ta ce, "Taɓa ka gani." Ya mayar da hannun aljihu.

Minti huɗu. Fitila ta yi kore.

Ina cikin tsalle wayata ta yi ƙara.

"Na buga, ya karɓa. To, ina ake ajiyewa?"

Na ƙirga layukan da yatsu, babu na ajiyewa a ciki.

"'Yar Yaya? Layi takwas kika ba ni, ban ga na ajiyewa ba. Kada dai ki ce mini abin da ya faru ke nan tun farko."

"Gwaggo, daɗi ne ya..."

"Daɗi! Me na koya miki da rula? Ba a tashi daga kan takarda sai an ajiye. Digiri biyu, kin bar mini aiki a buɗe kamar ƙofar shago. Ba ni layi na tara."

Na ba ta, Darakta tana ji, Oga yana ji. Ban taɓa jin kunya mai daɗi irin ta ranar ba.

Ƙarfe uku da minti ashirin ɗalibi na ɗari uku da arba'in ya shiga. Gwaggo ta turo saƙo mai kalma biyu: "An gama."

Mataki na tara: Karɓi yabon ko ta halin ƙaƙa

Kada ka karaya. Da yamma ka tsaya inda ake ajiye motoci ka riƙa gaya wa duk mai wucewa cewa kashewar nan ta biyar ita ta share hanya, sauran duk ƙarashe ne. Oga ya yi hakan. Direba ɗaya ya gyaɗa kai, amma daga baya na ga abin sauraren waƙa ne a kunnensa.

Washegari Darakta ta janye takardar Litinin. Ta karanta wa Gwaggo janyewar ta waya, Gwaggo ta buga da kanta, ta gyara mata kuskure biyu. Ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi don na taɓa na'ura ba izini, na karɓa, na sa hannu. Ta dace da ni. Amma in gobe na sake ganin an rataya wa mai aiki laifin lambobi biyu da wani ya ƙi dubawa shekara tara, zan sake taɓawa. Sai dai wannan karon zan ajiye.

Sanarwa ta wanke kai

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin duk abin da ya same ka sakamakon bin matakan nan ba. Alkawarin shekara tara ne, ban ce goma ba. Ba ruwana in aka ɗauko muku mai rawar kai, ko lambar sirri ta gudu daga kanka, ko ya zamana a reshenku akwai tsohuwa mai littafin shifta. Ba ruwana in shugaba ta tsaya a bakin ƙofa. Wanda kuma ya bi mataki na biyu a juye, ya je ya tsawaita agogunansa a gefe biyu ya ajiye, har layinsa ya daina yankewa aka manta da shi a ma'aikata, shi ya jiyo, kada ya kawo mini ƙara.

In kuwa shirun wayarka ya dame ka, ka roƙi Allah ya ba ka abokiyar aiki irin ta Oga. Wata huɗu ke nan layinmu bai yanke ba, amma kullum ƙarfe tara na safe wayarsa takan yi ƙara. Gwaggo ce, daga tagar ƙarshen baranda.

"Injiniya, an tashi lafiya? Babu matsala, layi lafiya lau. Na ce dai bari in gaishe ka, kada a ji ka shiru a ɗauka ka mutu."

A bugun farko yake ɗauka.